NA'URAR DA KE NUNA WA ƘWAƘWALWA KANTA: INA GASKIYA, INA TALLA?





Da wuya a sami aji, na boko ne ko na Islamiyya, da babu yaro irin wannan a cikinsa: ba ya iya zama wuri ɗaya, ana biya karatu yana leƙen taga, an aike shi sayen gishiri ya dawo da ashana, yau ya ɓatar da littafi, gobe takalmi. Kuma ba daƙiƙi ba ne, don in ka zauna da shi daga kai sai shi, sai ka sha mamakin kaifin basirarsa. A gida ana ce masa mai kunnen ƙashi, a makaranta kuwa bulala ta san bayansa. Iyayen irin wannan yaro, duk wanda ya ce musu ga magani, sai su miƙa hannu.

To, daga cikin abubuwan da ake tallatawa a intanet a yau akwai wata hanya da Turawa ke kira niyurofidbak, Larabawa kuma suna ce mata al-irtija'ul asabi. Ma'anarta a taƙaice ita ce: a sa na'ura ta auna aikin ƙwaƙwalwar mutum, ta nuna masa nan take, don ya koyi daidaita ta da kansa. Masu talla suna cewa tana maganin rashin natsuwa, da rashin barci, da fargaba, har da farfaɗiya, ba ƙwaya ba allura. Magana ce mai daɗin ji. Amma tun da akwai kuɗin iyaye da lafiyar yara a ciki, ya kamata mu san asalin abin, da yadda yake aiki, da kuma abin da aka gani da aka ɗora shi a kan ma'auni.

WUTAR DA KE CIKIN KAI

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo 1 da rabi ba, wato wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma suna isar wa juna saƙo ne da 'yar wutar lantarki da wasu sinadarai. Wutar ba ta da yawa. Abin da ke isowa fatar kai daga cikinta, batirin tocila guda ɗaya ya ninka shi ƙarfi sau 15,000 ko fiye.

Wanda ya fara auna wannan wuta a kan ɗan Adam shi ne wani likita Bajamushe mai suna Hans Berger, a garin Yena, cikin shekarar 1924. Bai bayyana wa duniya ba sai a 1929, kuma da farko mutane ba su yarda ba, sai da wasu masana biyu, Adrian da Matthews, suka maimaita aikin a Kambirij ta Ingila a 1934. Na'urar tana da alƙalami mai zana layi a kan takarda, layin yana hawa yana sauka kamar igiyar ruwa. Saboda haka ake cewa igiyoyin ƙwaƙwalwa. A takardun asibiti ana rubuta sunan wannan awo da haruffa uku, EEG.

Ga misali da ku ɗalibai kun fi kowa saninsa. Mutum ne ya tsaya a bayan katangar makaranta. In kowane ɗalibi yana karanta nasa darasi, abin da zai ji hayaniya ce mai sauri, ba ta da kai. In kuwa malam yana faɗa aji duka suna amsawa tare, zai ji murya ɗaya babba tana tashi tana sauka. Ba ya jin kalmomin, amma ya san halin da aji ke ciki. To, haka wannan na'ura take. Ba ta karanta tunanin kowa. Abin da take ji kawai shi ne, ƙwayoyin nan a tare suke ko kuwa kowace na harkar gabanta.

Masana sun kasa igiyoyin gwargwadon yawan kaɗawarsu a sakan ɗaya:

1. Dalta: ƙasa da sau 4. Ita ce ta barci mai nauyi.
2. Tita: sau 4 zuwa 8. Tana yawaita lokacin gyangyaɗi da tafiyar hankali.
3. Alfa: sau 8 zuwa 12. Tana bayyana in mutum ya rufe ido yana hutawa, ta ja baya da zarar ya buɗe.
4. Bita: sau 13 zuwa 30. Ita ce ta mai lissafi ko mai sauraro da kyau.

Sunayen nan haruffan Girkanci ne, kuma ɗalibin Larabci zai ji kamar ya san su. Ai 'yan uwan alif da ba da dal da ɗa mai hannu ne, don duk daga tsohon rubutun Finiƙiyawa da danginsa suka samo tushe.

MADUBIN ƘWAƘWALWA

Wace ce a cikinku, ya ku 'yan mata, ta ƙware a ɗaurin ɗankwali ba tare da madubi ko wata mai ce mata "ya karkace" ba? Haka mai koyon keke: da ya karkata jikinsa ya ji, sai ya gyara. Haka mai gyaran makhraji: ya furta harafi, malam ya ce "sake", ya sake, malam ya ce "na'am". Duk koyo yana buƙatar abu biyu, mutum ya gwada, sannan a gaya masa sakamako nan da nan. In malam ya bari sai bayan mako guda sannan ya ce "ran nan ka yi kuskure a wani wuri", ai babu abin da ɗalibi zai gyara.

Matsalar ƙwaƙwalwa ita ce ba ta da madubi. Kana jin hannunka, kana ganin ƙafarka, amma ba ka jin igiyar alfa ko tita. Sai wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Shikago ta Amurka, Joe Kamiya, ya tambayi kansa a ƙarshen shekarun 1950: in aka ba ta madubi fa? Ya riƙa sa mutum ya kwanta a ɗaki ido rufe, wayoyi a kansa. Lokaci lokaci sai a buga ƙararrawa, mutumin ya faɗi ko yana ganin alfa ta bayyana ko ba ta bayyana ba, a ce masa "daidai" ko "kuskure". Da farko cinta ce kawai, rabi daidai rabi kuskure. Bayan 'yan kwanaki wasu suka ƙware. Daga nan Kamiya ya sa na'urar ta riƙa yin ƙara duk sanda alfa ta zo, sai ga shi wasu suna iya ƙara ta ko rage ta in an umarce su, alhali in ka ce su bayyana yadda suke yi, ba duka ke iyawa ba.

Da ya rubuta labarin a wata mujalla a 1968, sai Amurkawa suka yi caa a kan abin. 'Yan kasuwa suka fito da ƙananan na'urori, suna cewa alfa ita ce ƙofar kwanciyar hankali. Amma binciken da ya biyo baya a shekarun 1970 ya nuna cewa natsuwar da mutane ke cewa sun ji, mafi yawanta ta dogara ne ga abin da aka gaya musu za su ji, da kuma zama shiru a ɗaki mai kwanciyar hankali. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

KYANWOYIN STERMAN

A shekarun 1960, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, wani mai binciken barci, Barry Sterman, yana aiki da kyanwoyi. Ya lura cewa in kyanwa ta tsaya cik, a farke amma ba ta motsi, kamar mai dakon ɓera, wata igiya mai kaɗawa sau 12 zuwa 15 tana bayyana a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da motsin gaɓoɓi. Sai ya shirya na'ura yadda duk lokacin da igiyar ta zo, madara gauraye da romon kaza za ta zubo a kwano. Ba a daɗe ba kyanwoyin suka gane, suka riƙa kawo igiyar don su sha. Babu wanda ya yi wa kyanwa bayani. Lada mai zuwa nan take ita ta koya mata.

Bayan haka aka ba Sterman wani aiki dabam: ya binciki gubar wani man roka da ke sa ma'aikata rashin lafiya. Ya gwada shi a kan kyanwoyi 50. Mafi yawansu farfaɗiya ta kama su cikin kimanin awa guda, amma wasu sun daɗe kafin ta kama su, wasu ma ba ta kama su ba sam. Da ya duba takardunsa sai ya ga cewa masu juriyar nan su ne guda 10 da ya taɓa horarwa. Daga nan ya gwada horon a kan wata mata mai farfaɗiya, faɗuwarta ta ragu, aka buga labarin a 1972.

A 1976 kuma Joel Lubar na Jami'ar Tenesi ya gwada irin wannan horo a kan wani yaro mai yawan ƙiriniya da rashin natsuwa. Tun daga lokacin wannan larura ta zama babbar kasuwar niyurofidbak. Likitoci suna rubuta ta da haruffa huɗu, ADHD, kuma tana shafar kimanin yara 5 cikin 100 a duniya. Ba rashin tarbiyya ke kawo ta ba, gado yana da babban hannu a cikinta. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, wanda ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 223 masu larurar da 223 marasa ita, ya gano cewa nunar ɓawon ƙwaƙwalwar masu larurar tana jinkiri da wajen shekara 3, musamman ta ɓangaren goshi, wanda shi ne linzamin mutum.

YADDA ZAMAN HORO YAKE

Yaro zai zauna a kujera yana fuskantar allon kwamfuta. Za a goge wuri ɗaya ko biyu a fatar kansa, a shafa wani abu mai danƙo, a manna 'yan ƙananan ƙarafa kamar maɓallin riga, a maƙala wasu a kunne. A nan ya kamata iyaye su fahimci abu guda: na'urar ba ta sa wa yaro wuta. Saurare kawai take yi, kamar abin da likita ke ɗorawa a ƙirji.

A kan allo akwai wasa ko majigi. Alal misali, jirgi yana tafiya. In igiyar tita ta ragu, bita ta ƙaru, sai jirgin ya yi gaba, a ji ƙara mai daɗi, maki ya hau. In hankalin yaro ya tafi, sai jirgin ya tsaya ko hoton ya dusashe. Babu maɓallin da zai danna, da kansa kawai zai tuƙa. Mai horarwa yana zaune a gefe, yana yaba masa, yana kuma ɗaga ma'aunin sannu a hankali don kada abin ya yi sauƙi ainun ko wuya ainun.

Zama ɗaya yakan ɗauki minti 30 zuwa awa 1, sau 2 ko 3 a mako, kuma akan buƙaci zama 30 zuwa 40. Watanni ke nan. A Amurka kuɗin zama ɗaya yakan kai dala 100 ko fiye, to ku yi lissafin 40. Illarsa ga jiki kaɗan ce, ba ta wuce gajiya ko ɗan ciwon kai ba. Sai dai akwai cikas biyu. Na farko, ba kowa ke iya koyo ba. A wasu gwaje-gwajen kusan mutum 1 cikin 3 bai iya sauya igiyar tasa ba duk da yawan zama. Na biyu, ƙyafta ido ko cije haƙora yana fitar da wutar da ta fi ta ƙwaƙwalwa ƙarfi nesa ba kusa ba. In mai horarwa bai ƙware ba, ko na'urar ta araha ce, sai a wayi gari tsokar goshi ake horarwa ana zaton ƙwaƙwalwa ce.

A ƊORA SHI A KAN MA'AUNI

Yanzu ga babbar tambaya. Iyaye da yawa sun ce 'ya'yansu sun sami sauƙi bayan horon, kuma ba ƙarya suke yi ba. To, amma me ya kawo sauƙin?

Hanyar amsa irin wannan tambaya tsohuwa ce. Likitan nan Abubakar ar-Razi, mutumin Rayyu wanda ya yi aiki a Bagadaza, ya rasu wajen 925, ya ambata a cikin littafinsa al-Hawi yadda ya fitar wa wasu marasa lafiya jini, ya bar wasu masu irin alamunsu da gangan bai fitar musu ba, don ya kwatanta. Ya gane cewa ba ka sanin amfanin magani sai ka ga halin wanda bai sha ba. Masanan yau sun ƙara sharaɗi biyu: a raba mutane da ƙuri'a, kuma a ɓoye wa kowa wane ne ya sami na gaske, har da iyaye da malaman da za su ba da shaida.

Yaya ake yin horon jabu? Komai iri ɗaya ne: kujera, wayoyi, wasa, mai horarwa. Bambancin kawai, jirgin da ke kan allo ba ƙwaƙwalwar yaron yake bi ba, yana bin awon wani ne da aka ɗauka tun da. Madubi ne mai nuna fuskar wani.

A Tubingen ta Jamus an yi wannan gwaji da manya 118 masu larurar, aka buga sakamakon a 2017. An kasa su uku: masu horon gaske, masu na jabu, da masu zaman koyon dabarun tsara lokaci da aiki a ƙungiya ba tare da na'ura ba. Duka ukun sun sami sauƙi, kuma babu wanda ya fi wani.

A Amurka, a jihohin Ohayo da Karolina ta Arewa, an gwada yara sama da 140 'yan shekara 7 zuwa 10, kowanne da zama 38, aka buga a 2021. Nan ma duka ɓangarorin biyu sun sami sauƙi sosai, har bayan fiye da shekara, amma babu wani bambancin kirki a tsakaninsu wajen natsuwa. Abu ɗaya da ya fito wa masu horon gaske shi ne, daga baya buƙatarsu ta magani ba ta kai ta ɗaya ɓangaren ba.

A ƙarshen 2024 kuma wata ƙungiyar masana ta Turai ta tattara gwaje-gwaje 38 da suka ƙunshi mutum 2,472. Da suka duba shaidar waɗanda ba su san wa aka yi wa me ba, sai suka ga babu wani amfani mai ma'ana a jimlace. In an ware gwaje-gwajen da suka bi tsayayyar ƙa'ida kaɗai, akwai ɗan amfani, amma ƙanƙane ne.

A ɓangaren farfaɗiya, wani nazari na 2009 ya haɗa bincike 10 masu marasa lafiya 87, kuma kashi 74 cikin 100 sun ce faɗuwarsu ta ragu. Abin ƙarfafa gwiwa ne, amma mutanen kaɗan ne, kuma yawancin binciken bai cika sharuɗɗan da muka ambata ba.

Kun ga ke nan magana biyu ce, kada a cakuɗa su. Cewa ƙwaƙwalwa tana iya koyon sauya igiyoyinta, wannan ya tabbata tun zamanin Kamiya da kyanwoyin Sterman. Cewa sauya igiyoyin shi ke warkar da yaro, wannan hujjarsa ba ta tsaya da ƙafafunta ba tukuna. Mai talla yakan nuna maka hujjar ta farko ya sayar maka da ta biyu.

TO, ME YA SA MASU NA JABU SUKA SAMI SAUƘI?

Wannan ita ce tambayar da ta fi amfanar mu. Ku dubi abin da yaron ya samu ko da madubin na ƙarya ne. Sau 38 ya zauna wuri ɗaya yana ƙoƙarin tattara hankali. Wani babba ya ba shi lokacinsa shi kaɗai, ba tsawa ba zagi. An yaba masa a daidai lokacin da ya yi ƙoƙari. An fara masa da mai sauƙi, ana ƙarawa kaɗan kaɗan. Iyayensa sun sa ran alheri, sai kallon da suke masa ya sauya. Ga kuma girma, don yaro na ƙara wata yana ƙara hankali. Masu binciken da kansu sun ambaci irin waɗannan abubuwa a matsayin dalilan sauƙin.

Ƙwaƙwalwa kuwa tana sauyawa da maimaici, wannan babu shakka. A shekarar 2000 an auna ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan, waɗanda sukan shekara da shekaru suna haddace titunan birnin, aka ga wani sashe mai riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma, kuma gwargwadon daɗewa a aikin gwargwadon girmansa. Ai dama Bahaushe ya ce yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Saboda haka ga abin da uwa da uba da malam za su iya ɗauka daga wannan ilimi, ba da ko kwabo ba:

1. Ka zama madubin yaro. Da ka gan shi ya natsu, ko na minti 2 ne, faɗa masa a take, kuma ka ambaci abin da ya yi: "Madalla, ka gama layin nan ba ka tashi ba." Mu mun saba yin shiru in yaro ya yi daidai, sai ya yi kuskure mu yi magana. Wane madubi ne ke nuna datti kaɗai?
2. A fara daga inda yake. In minti 5 yake iya zama, a ba shi aikin minti 5, ya tashi ya motsa, ya dawo. Mako mai zuwa a kai 7.
3. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya. A kira sunansa, ya dube ka, ka faɗa, ya maimaita. A aji a zaunar da shi gaba, nesa da taga da ƙofa.
4. Barci. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12 a kwana, matashi ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Yaron da barci bai ishe shi ba, sau da yawa ba gyangyaɗi yake yi ba, ƙiriniya yake ƙarawa. A karɓe waya tun kafin lokacin kwanciya.
5. A sassauta bulala. Duka yana gaya wa yaro cewa an yi fushi da shi, amma ba ya nuna masa abin da ya kamata ya yi. Yaron da linzaminsa ne bai gama ƙwari ba, dukan ba zai gaggauta masa ba.

Kada wani ya raina waɗannan. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce ga yaron da bai kai shekara 6 ba, abin da za a fara da shi shi ne koya wa iyaye irin waɗannan dabaru, kafin a yi zancen ƙwaya. In ya wuce haka kuma larurar ta yi tsanani, akwai magungunan da aka tabbatar da amfaninsu, waɗanda likita ne kaɗai zai rubuta, a haɗa su da dabarun.

GARGAƊI UKU

Na farko, kuma shi ne mafi girma: mai farfaɗiya kada ya bar maganinsa saboda wata na'ura ko wani mai talla. Daina shan maganin farat ɗaya yana iya jawo faɗuwa a jere wadda ke kai wa ga rasa rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa in an gano ciwon aka ba su maganin da ya dace. Ciwo ne na wutar ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarsa ta yawu ko ta taɓa jiki, don haka kada a guji ɗalibin da ke da shi.

Na biyu, ba duk rashin natsuwa ne larurar da muka yi bayani ba. Wani yaron ba ya ji sosai ne, wani tabarau yake buƙata, wani yunwa ce ko ƙarancin jini, wani kuma damuwa ce daga gida. Akwai ma wata irin farfaɗiya da ba ta kayarwa: yaro zai ƙura ido na kimanin sakan 10, a kira shi bai amsa ba, sannan ya ci gaba kamar ba a yi komai ba, sau da yawa a yini. Irin wannan awon EEG yana nuna ta sarai, kuma tana jin magani. A nan ne amfanin na'urar Berger ya tabbata ba gardama. A fara da likitan yara a babban asibiti, shi zai tura ku asibitin koyarwa ko na ƙwaƙwalwa, irin na Kaduna ko Kware ko Maiduguri, in da buƙata.

Na uku, wanda yake da hali kuma yana son gwada wannan horo, to ya ɗauke shi ƙari, ba madadin likita ba. Ya tambayi mai yi: mene ne karatunka? Zama nawa, kuma nawa ne jimlar kuɗin? Da me za mu gane an ci gaba? Dabara mai kyau ita ce a nemi shaidar malamin aji wanda bai san ana yi ba. Duk wanda ya ce na'urarsa tana maganin kowace cuta, ko ya ce a zubar da magani, to a kama hannun yaro a fito.

GWAJI GA ƊALIBAI

Ga wani madubi da kowa ke da shi. Ku zauna ku huta, ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa har ku ji bugun jini. Sai ku ja numfashi a hankali kuna ƙirga 1 zuwa 4, ku sake shi kuna ƙirga 1 zuwa 6. Ku lura da kyau: bugun yana ɗan sauri in kuna ja, yana lafawa in kuna saki. Wannan ya fi bayyana a jikin yara da matasa. Wata jijiya ce da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa zuwa zuciya take taka mata birki a duk fitar numfashi. Ku yi haka minti 2 ko 3 kafin hadda, ko kafin jarrabawa, ko in wani ya ɓata muku rai. Ku ƙirga bugun na minti guda kafin ku fara da bayan kun gama, ku rubuta a littafi har kwana 7, sannan ku kwatanta da na abokanku a aji.

Ku kuma iyaye, yaron nan mai leƙen taga yana buƙatar wanda zai ce masa "yauwa" a daidai lokacin da ya yi daidai, yau da gobe da jibi. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.